Labaran Mai Fenti da Fuskar Gyatumarsa

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Gwari a ƙarshen zamanin Turawa ya san Labaran mai fenti. En'e ce ta ɗauke shi yana shafe duwatsun mil da ƙarafan gada, da gwangwanayensa uku na fentin mai: fari, ja da kore. Mutum ne da ƙafarsa ba ta zama. Yau yana Kuyello, gobe ka gan shi tsakiyar daji yana korar ƙudan tsando da buroshi. Wallahi ko tuwo a tsaye yake ci.

Ɗan fari ne. Ana yaye shi aka miƙa shi gidan kawunsa, gyatumarsa Huraira kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari gam. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai "wancan". In ya je garinsu Randagi gaishe ta, ya durƙusa bakin ƙofa kansa a ƙasa, ita kuma ta kau da kai wajen bango.

Wata damina ƙanwarsa Saude ta aiko cewa Inna ta kwanta, jikin kuma ba daɗi. Yana cikin shafar dutse ya runtse ido don ya ga fuskarta. Babu! Kunne ya gani, da gefen kumatu, da bakin kallabi. Tsoro ya kama shi, za ta tafi bai san fuskarta ba.

Ya tattara gwangwanaye sai Randagi. Ya ɓalle murfin akwati, ya tauna asawaki ya mai da shi ƙaramin buroshi, wai zai riƙa satar kallo yana harhaɗa ta a jikin katako. To, mai shafar dutse ina ya iya fuska? Ya yi ido ɗaya, ɗayan ya karkace. Ya goge da kananzir, ya sake, ya tashi, ya zaga gida, ya dawo. Maƙwabta suka sa shi gaba: "Labaran, wannan mutum ne ko gwaggon biri?" Liman ma ya ja masa kunne a kan yin surar mutum. Ya ce to, ya koma bayan rumbu ya ci gaba. Satar kallon kuwa ta ƙi, da ta ji motsinsa sai ta ja mayafi.

Da ya gaji, ya ba Saude katakon ta kai mata. Ta fito idonta jajir.

"Ta ce ba ita ba ce. Ta ce ita ai ta san fuskarta, a gaya wa wancan in da gaske ya iya, ya yi tasa."

Ashe ita ma ba ta san tasa ba.

Ya karɓi madubin Saude, ya goge katakon, ya yar da asawakin, ya sa yatsa a fenti. Goshi kore, idanu ja, baki a karkace, farin fenti dam a gemu. Abin ba kyau, amma Labaran ne sak, har rashin natsuwarsa.

"Bari ya bushe mana," in ji Saude.

"Ina lokacin? Kai mata!"

Ya tsaya bayan asabari yana leƙe. Huraira ta ƙura wa katakon ido, ta manta da bango, ta manta da mayafi. Ga fuskarta nan gaba ɗaya: doguwa, da wushirya irin tasa. Ta miƙa hannu ta shafa fentin daga goshi har gemu.

"Ashe har ya yi furfura," ta ce.

Labaran ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi kuka.

Washegari da hantsi ta cika. Can Saude ta fito daga wajen masu wanka, ta ce yatsun Inna duk fenti ne, sabulu ya ƙi, me ke fitar da shi?

Kwalbar kananzir tana cikin jakarsa, a gefen ƙafarsa.

"Ku bar mata," ya ce. "Ba ya fita."