Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Don Allah jama'a ku tsaya ku saurare ni yanzu. Luba, matar ɗana, rubuta da sauri tun bakina na aiki.

Kun daɗe ba ku ji ni ba, ni Inna Hassi ta Birnin Tudu. Ciwo ne.

Ɗana soja ne. Bam ya tashi kusa da shi, ya dawo gida ba ya ji, maganar ma sai da hannu. Da masu tantance kuɗin nakasa sunka zo, ni sunka nema shaida. Wani mai kaki ya nuna shi ya ce, "Mama, wane ne wannan? Faɗi sunanshi."

Ɗan fari ne. Tun da na haihe shi ban taɓa kiran sunanshi ba, haka iyayenmu sunka yi. Na kau da kai na ce, "Ku tambayi mutane."

Sunka tashi. Anka ce ba shaida, ba kuɗi.

Daga nan ciwon kai ya kama ni, da jiri. Na ɓoye, ina ta shan jiƙo. Ran nan ina yankan albasa wuƙa ta suɓuce, bakina ya karkace, na faɗi.

Asibiti a Mafara, awon jini, ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Akuyata ta tafi wurin biyan kuɗin magani. Likita ta ce, "Hawan jini ne, Inna, ya taɓa harshe."

Ba mutuwa nike tsoro ba. Luba ta ce an ɗaukaka ƙara, za su sake kirana. To in sun kira ba harshe fa?

Wata nas kullum sai ta zaunar da ni, "Ce ruwa. Ce tuwo. Ke tsohuwa, an ce kin iya faɗa, ina bakin?" Har na yi dariya da rabin baki.

Alhamdulillahi, yanzu ina takawa da sanda, magana ta dawo. Allah shi saka wa likitoci da duk wanda ya kawo fura.

Tsohi 'yan uwana, in kai ya yi ciwo ku je a auna ku. In hukuma ta tambayi suna, ku faɗa.

Likita ta ce abin na iya dawowa, shi ya sa nike sauri. Luba, kar ki tura wa jama'a tukuna. Ɗana shina zaure, je ki nuna mishi, shi fara gani.

Lawali. Lawali nawa.