Haƙorin da Aka Ɓoye wa Ƙadangare

Aiki ne ya kawo ni Gure daga Maraɗi, aka ba ni ajin manya a jardan, makarantar ƙananan yaran da ba su isa shiga lakwal ba, wato firamare. Manyan namu 'yan shekara biyar zuwa shida ne, waɗanda suka daina fitsari a wando, ko in ce yawancinsu. Duk mai cewa aikin jardan waƙa ce da tafi, ya zo in bar masa ajina na wuni guda. Da safe kuka a bakin ƙofa, sai waƙa, sai zanen ƙwallo da tsinke a kan allo, sai wankin hannu da buta, sai cin abin da kowa ya zo da shi, fanke ko awara ko kunu a gora, sannan a shimfiɗa tabarma a kwanta. Kafin a tashi, muryata ta dushe.

Abin da ya fi ƙona mini rai a lokacin shi ne bakunan yaran nan. Yaro zai yi maka dariya ka ga haƙoran gaba sun yi baƙi sun gutsuttsure. Ba sai an je nesa neman dalili ba, yana zaune a bakin ƙofarmu: wata tsohuwa 'yar Damagaram da farantinta na alawa, da gullisuwa, da mai tsinke. Uwa ta kawo yaro yana birgima ba zai shiga ba, sai a saya masa alawa a cusa masa a baki, shi ke nan an rabu lafiya. Ni za a bar wa sauran.

Da na gaji da surutun da ba mai ji, sai na sayo asuwaki a kasuwa na yayyanka, kowane yaro da nasa, na ɗaura wa kowanne zare mai launi dabam don kada su musanya. Bayan cin abinci sai su jeru a gindin katangar baya, su goge, su kurkure, su tofar a rairayi, sannan kowa ya wangale baki in bi layi ina dubawa. Su wasa suka ɗauke shi. Ni kuwa nan ne kawai nake jin na yi abin kirki a wuni.

A cikinsu akwai jikar tsohuwar mai alawa. 'Yar fari ce a wurin ɗan tsohuwar, tun yaye kakar ta ɗauke ta, tare suke kwana, tare suke zuwa da safe, ɗaya ta shiga aji, ɗaya ta zauna bakin ƙofa. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo, kuma kumatunta ba ya rabo da alawa, tunda ita ba saye take ba. Wata rana haƙorinta na gaba ya fita, daga ranar ta ƙi buɗe baki a gindin katanga. Na yi lallashi, na yi tsawa, ta rufe baki da hannu tana girgiza kai. Sai da na ja ta gefe ta raɗa mini cewa Kaka ta ce in ƙadangare ya ga giɓin, sabo ba zai fito ba. Katangar nan kuwa ƙadangaru ne jingim suna shan rana suna ɗaga kai. Na yi dariya har da hawaye, don mu ma haka aka gaya mana muna yara. Na ce ta riƙa gogewa a bayan tafin hannunta, zan riƙa tsallake ta a layin dubawa har sai sabon ya fito.

Sabon bai gama fitowa ba na lura da wani abu. Surutun ya ragu. Tana tauna da gefe ɗaya, tana barin fankenta ga ƙudaje, kuma lokacin barci sai ta kwanta ta danne kumatu da tabarma tana kuka a hankali. Na shigar da ita aji, na rufe ƙofa da tagogi, na rantse mata babu ƙadangare ko ɗaya, sannan ta yarda na haska bakin da fitilar salula. Na gaba lafiya lau, yana tsirowa fari tas. Can ciki ne, turmi na ƙarshe a ƙasa, wanda ake tauna da shi, ya yi rami baƙi ƙirin.

Maƙwabciyata ma'aikaciyar gidan likita ce, ita ma baƙuwa kamar ni. Na roƙe ta ta biyo ta jardan ta duba. Tana gani ta ce wannan ba na nono ba ne. Shi yana fitowa ne daga can baya ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa mutane ke ɗaukarsa ɗaya da sauran, amma in ya tafi ya tafi ke nan har tsufa. Ta ce har yanzu ana iya cike shi a cece shi, in an kai ta wurin likitan haƙori a Damagaram ba da jinkiri ba.

Ban ko sha ruwa ba na nufi bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe da tsohuwa, na yi mata bayani dalla-dalla, da ladabi, Allah shaida. Tana kora ƙuda daga faranti tana saurare. Da na gama ta ce duk abin da ke bakin ɗan shekara shida faɗuwa yake, haka ta gani ga 'ya'yanta da jikokinta kaf, ba za ta ɗauki yarinya ta sha doguwar hanyar nan a mota kan haƙorin da gobe za a jefa kan rufin ɗaki ba. Tana sa mata kanwa da kanumfari a ramin, zafin na lafawa. Na ce Inna, wannan ɗin ba ya faɗuwa. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Madam, ke 'ya'ya nawa kika yaye?"

A lokacin ko ɗaya ba ni da shi, kuma ta sani, garin kowa ya sani. Maganar ta shige ni har ƙashi. Na tashi na koma aji, na rasa wanda zan huce a kansa, sai na sa yara waƙa, ni kuma na tsaya bakin taga na ba su baya.

Ban haƙura ba. Na je kasuwa wurin uban, mai shagon atamfa ne, mutum mai fara'a, ya ba ni kujera da ruwan sanyi. Ina fara maganar yarinyar ya sunkuyar da kai yana jera turamen zane da suke a jere tun farko. Kunyar 'yar fari. Ko sunanta ba ya faɗa, "ita wannan ɗin" yake cewa. Ya ce ai yarinyar ta Inna ce, shi bai isa ya shiga tsakaninsu ba, in aka ji ya ɗauki 'yarsa ta fari da kansa ya kai ta Damagaram don haƙori, me za a ce da shi? Wai in yi wa Inna magana. Na ce daga wurinta nake. Ya ce to in ƙara yi mata. Kai, ni ma 'yar Hausa ce, na san kunya, ban raina ta ba. Amma ranar ji na yi kamar in kifar da kantar nan gaba ɗaya. Uba yana son 'yarsa, ina ganin abin a idonsa, amma ba zai iya buɗe baki ba.

Shugabar jardan ta kira ni ta ce in rage zafi, kada in kore mata iyayen yara. Na ce to. Haka na zuba ido. Kullum yarinya ta zo da warin kanumfari a baki da alawa a hannu, wai don ta rage kuka. Ina karɓe alawar in ta shigo, a bakin ƙofa a ba ta wata in an tashi. Ni da tsohuwa muka koma gaisuwa daga nesa.

Sai da kumatun ya kumbura har ido ɗaya ya kusa rufewa, zazzaɓi ya kwantar da ita, sannan tsohuwar da kanta ta ɗauke ta a goye suka shiga mota. An gaya mini uban ya bi su tasha ya tsaya daga nesa har motar ta tashi. A can aka ce lokacin cikewa ya wuce, aka cire.

Da suka dawo ban ce wa tsohuwa na gaya miki ba, ko da yake yana kan harshena. Ta rame, ta daina ɗaga ido in na wuce. Yarinya ta warke, surutu ya dawo, ta cinye fankenta har da na wasu. Sai dai a gindin katanga ta koma rufe baki da hannu. Wata rana da aka gama kurkure baki ta ja gefen zanena ta kai ni aji, ita da kanta ta rufe ƙofa, ta leƙa bayan allo, sannan ta zo gabana ta wangale baki tana nuna mini can ciki da yatsa.

"Madam, duba ki gani ko ya fara fitowa. Ban nuna wa ƙadangare ba ko sau ɗaya."

Na haska fitila. Dasashi ne kawai, ya warke sumul. Na daɗe ina dubawa, ba don akwai abin gani ba. Na ce mata bai fito ba. Ta ce ba komai, gobe in sake dubawa, ta buɗe ƙofa ta fita da hannu a kan baki.