Ranar da Jitata Ta Sauko wa Goge

A shekarun da nake koyarwa a Nguru, wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin, wani malamin lissafi mutumin Indiya da zai koma gida ya bar mini jitarsa. Ya haɗa mini da ɗan littafin kiɗe-kiɗen mutum biyu, jita da gogen Turawa, waɗanda aka tsara domin masu matsakaicin hannu. Ni kuwa matsakaicin ne, ko da yake a zamanin ba na yarda a faɗa.

Gogen Turawa babu shi a garin. Sai na nemi wani dattijon tela a bakin tashar jirgi, wanda yakan taɓa gogen gargajiya idan ɗinki ya yi sauƙi. Bai san rubutun kiɗa ba. Ni nake rera masa rabonsa da baki, shi kuma ya kama da kunne. Wata uku muka yi a kan kiɗa guda, kullum bayan la'asar, kuma kullum shi ne mai ɗaure tsirkiyarsa ta zo daidai da tawa, domin na ce littafi ba ya kuskure.

Da damina ta yi tsakiya, aka gayyace mu Gashuwa walimar sallamar wani abokin aikina, a falon gidansa. Tela bai taɓa kiɗa gaban malaman makaranta ba. Ya ce mini muddin aka yi masa dariya, ya rataye goge ke nan har abada.

Muna fara gwaji a zaure, sai na ji muryar gogen ta yi ƙasa. Laimar kogin garin ta sa fatar da aka rufe ƙoƙonsa da ita ta saki.

Na ce, "Baba, ƙara ɗaurewa."

Ya ce, "Malam, izgar doki ce fa, ba wayar tangaraho ba. In ta tsinke, sai ka kaɗa musu littafin naka."

"To, a gasa fatar mana."

"Na gasa. Kafin mu kai falo ta sake saki. Kai da kake da maɗauri har shida, na ado ne?"

Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa jita tana iya saukowa ba. Na zauna na sassauta tsirkiyoyina ɗaya bayan ɗaya, yana jan gogensa ina bin sa, har muryoyin biyu suka haɗu.

A falo na yi tuntuɓe sau biyu, ya rufa mini asiri da wata kwana wadda babu ita a littafi. Da muka dire, uwargida ta rangaɗa guɗa daga ƙofar ciki, malamai suka ce sai an maimaita. Sau uku muka yi.

A hanyar komawa, muna zaune bisa buhunan barkono a bayan mota muna ta atishawa, ya rungume gogensa, ya dube ni ya ce, "Malam, shafi na gaba fa, me ke cikinsa?"