Maganin Da Bai Isa Ba

Shekarar da na fara aiki a wani kantin magani a unguwar Whitechapel, can ƙasar waje, akwai wata mata a flat ɗin da ke saman nawa. Ba Bahaushiya ba ce, ba ma 'yar Afirka ba ce, amma masallacinmu ɗaya, muka shaƙu har tana kirana 'yar'uwa. Ƙanenta malamin makaranta ne a ƙasarsu. Jami'an tsaro suka ɗauke shi daga aji saboda wata magana da ya yi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Duk Asabar takan fita zanga-zangar neman a ƙaƙaba wa gwamnatinsu takunkumi. Na taɓa raka ta, ana tsuga ruwa, ni da lema, ita da hoton ƙanen. Ranar da aka sanar da takunkumin ta sauko da tukunyar shinkafa, muka ci tare, tana dariya tana share hawaye.

Ta ce, "Yanzu dole su sake shi."

Ba su sake shi ba. Sai ma maganin ciwon zuciyar mahaifiyarta ya ɓace a kasuwannin ƙasarsu. An ce takunkumin bai shafi magani ba, amma bankuna sun tsorata, masu shigo da kaya sun janye. Tsohuwar ta fara raba ƙwaya biyu, daga baya in ta sha yau ta tsallake gobe.

Wata safiya matar ta tare ni a bakin ƙofa. "Ke da kike cikin magani, ki taimake ni."

Sai da muka sha zirga-zirga kafin wani likita ya duba bayanan tsohuwar ya rubuta mana maganin, muka saya muka naɗe a kwali. Masu kai saƙo suka ce sun daina zuwa ƙasar. Muka samu wata ɗaliba 'yar ƙasarsu mai komawa gida, har ta sayi tikiti, aka soke tashin jirgin. Ana cikin neman wata hanya tsohuwar ta rasu.

Matar ba ta je jana'iza ba, don in ta taka ƙasar kama ta za a yi. A waya ta kalla, hoton yana tsayawa yana dawowa. Da na hau yi mata ta'aziyya, na tarar da kwalin a kan tebur, da salatif ɗinsa.

Ta ce, "'Yar'uwa, da hannuna a ciki?"

Na ce, "Kwana ne ya ƙare. Allah Ya jiƙanta."

Ta gyaɗa kai, ta turo mini kwalin. "Mayar da shi, wani zai amfana."

A ƙa'idar aikinmu, maganin da ya fita daga kanti ya dawo ba a ba wa wani, lalata shi ake yi. Ban gaya mata ba. Ranar Litinin na tafi da shi aiki, na yanke salatif ɗin, na zuba ƙwayoyin a kwandon da ake kwashewa a ƙona.