Allon Ƙofar Hawa na Tara

Abdulghani bai iya Turanci ba, balle Sinanci, amma shekara ashirin da uku ya yi yana yanka allunan sanarwa da harsunan da ba ya ji. A unguwar Ruwais aka haife shi, jikan wani Bakatsine da ya zo hajji a ƙafa ya ƙi komawa. Duk da haka iƙamarsa, wato takardar zama, tana wuyan Thamer, mai shagon alluna a unguwar Sharafiyya, wanda shi ne kafilinsa, mai tsaya masa wurin hukuma.

Yana da wata ɗabi'a mai cin rai. Ba ya yanka allo sai ya fita titi da takardar rubutun allon ya nemo mai jin harshen, kuma ba ya tambayar ma'ana. Cewa yake, "In ka ga wannan a jikin ƙofa, me za ka yi?" Direbobi 'yan Pakistan sun san shi, wasu in sun hango shi sai su sauya hanya. Ni da nake ɗinki a shagon gefe, don dai daga Maraɗi na zo, ya sha tayar da ni daga kan keke saboda layi biyu na Faransanci. Na sha ce masa ya cika neman magana.

Bana wani kamfanin gini na Sinawa ya kawo aikin allo arba'in, Sinanci a sama, Turanci a ƙasa, wanda waya ta fassara musu. Ranar Alhamis ake so. Talatin da tara suka wuce, ko da yake Turancin wasu ya ba Rana mai kantin magani dariya har da hawaye. Na arba'in na wata ƙofa ne a hawa na tara. Rana ta karanta Turancin, ta dubi Abdulghani, wanda take kira ammi, wato baffa, ta ce, "Buɗewa zan yi in shiga, ya ammi. Maraba ake yi da ni."

Abdulghani ya hau mota har unguwar Bani Malik, wurin wani Basine mai dafa abinci. Mutumin ya dubi layin sama, ya ja da baya, ya nuna ƙasa da yatsa. Da ƙyar, da hannu da zane, aka fahimci juna: ramin lif ne, na'urar hawa bene, a bayan ƙofar, ba a sa lif ɗin ba tukuna. Leburorin ginin kuwa 'yan Nijar ne da 'yan Bangladesh, ba mai karanta layin sama.

Thamer ya buga wa kamfanin waya. Aka ce takarda ta riga ta sha sa hannu daga sama, ba mai taɓa ta.

"Ka ji dai," in ji Thamer. "Yanka abin da ka gani, halas."

Abdulghani ya kira shi da alkunyarsa ya ce, "Wallahi ya Abu Raed, wannan ba na yankawa."

Sai ya yi gaban kansa. Ya bar Sinancin, ya cire Turancin, ya zana mutum yana faɗawa rami da jan fenti. Kamfanin ya dawo da arba'in ɗin kaf, ya kai aikin shagon gaba, su kuma suka yanka shi yadda yake a takarda. Shi ne a jikin ƙofar har yau.

Thamer ba mugu ba ne, amma an kai shi bango. Ya ba Abdulghani wata biyu ya nemi wani kafili ko ya bar ƙasar, shi da yake mutum mai shekara hamsin da takwas wanda bai taɓa taka Katsina ba. Abin ya ba ni haushi, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa.

Jiya 'yar Abdulghani, Wejdan, ta same shi a bakin shagona. Ta ce, "Abuya, yaani me ka samu? Allon yana nan, aikin ya tafi."

Ya ce, "Ban samu komai ba, ya binti. Amma ba hannuna ba ne."

Saura masa kwana goma sha ɗaya.