Madam Salamatu da Kujerar Baya

Ƙarfe shida na safe Madam Salamatu ke buɗe oto-ekol ɗinta, makarantar koyon tuƙi, a unguwar Dar es Salam, ta duba mai da birki da kanta. Shekara ashirin da bakwai tana koya wa mata tuƙi, yanzu gwiwa ta ce a huta. Tana da wata al'ada: in miji ko uba ya hana mace koyo, takan je har gida ta zauna a tabarma, ta yi ta lallashi sai ya yarda. Wannan lallashi shi ke ƙona ran 'yan matan da ke kiran kansu feminis, masu fafutukar 'yancin mata.

Na ga yadda aka kwashe ranar da Huda, tsohuwar ɗalibarta, 'yar jaridar rediyo daga unguwar Plateau, ta zo hira da ita. Suna cikin magana sai ga Mumuni, mijin ɗalibarta Hasiya, fuska a murtuke. An ce masa nan ake koya wa mata raina maza, ya zo tafiya da matarsa. Ga shi gobe jarrabawar permi, wato lasin tuƙi, aikin tuƙa motar asibiti kuma na jiran Hasiya. Hasiya ta tsaya jikin mota.

Huda kuwa, ƙuruciya, ta miƙa wa Madam makirfo a gaban Mumuni ta ce, "Inna, ke feminis ce ko a'a?"

Wallahi tambaya ce mai tarko. In Madam ta ce e, Hasiya ta tafi ke nan. In ta ce a'a, ta watsa wa Huda ƙasa a ido, alhali tana son yarinyar.

Madam ta ce a dakata mata. Ta buɗe ƙofar baya ta motar, ta roƙi Mumuni ya shiga ya ga raini da idonsa. Hasiya ta ja motar har Tondibia, can bayan gari, ta dawo, cikin cunkoson babura da manyan motocin yashi. Da Mumuni ya fito, ya share gumi, ya tambaya ƙarfe nawa ake jarrabawar.

Huda ta ce ai wannan shi ne feminisancin, ban da roƙon. Madam ta ce, "'Yata, riƙe sunanki na feminis, ya yi miki kyau, ni ban saba da shi ba. Amma sau huɗu na zauna a tabarmar babanki kafin ki taɓa sitiyari." Huda ba ta taɓa sanin haka ba. Ta kashe makirfon, idonta ya cika.

Ke ce mai haƙurin zaman tabarma, Madam. Mun gode, Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Masu sunan da marasa shi, ku duba unguwarku, akwai wata Hasiya da ke jiran wadda za ta je ƙofar gidansu ta yi sallama.