Farin Bindi

Ni tela ne, kuma bakina ya fi almakashina kaifi. Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagona na Makera zai ba da wannan shaida. Lokacin da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina haya a unguwar Nasarawa, inda Kiristoci suka fi yawa, ni da matata da 'yarmu mai shekara uku. Mai gidan dattijo ne mutumin Filato, Kirista, tsohon soja da ya ƙare da gadin masaƙa. Baba muke ce masa, shi kuma ya ce mini Malam Tela. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse neman abinci, abin da ya rage masa shi ne jirgin leda, wanda yaran Kaduna ke kira kayit.

Nasa ba irin na yara ba ne mai tsinken tsintsiya. Ya fi Baba kansa tsawo. Gwangwala yake tsagawa ya feƙe ta sumul, ya gitta biyu ya ɗaure da zaren ɗinkin takalmi, ya kewaye gefe da igiya, sannan ya farke buhu ya kawo mini in kalmashe baki a keke. Bindin kuwa ƙyallayen shagona ne, ya ƙulla su har taku goma. Idan na ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki, sai ya girgiza kai.

"Malam Tela, wannan ba wasa ba ne fa. Mutanen Sin sun yi yaƙi da shi. Idan an kewaye gari, da shi ana aika saƙo waje. Da shi ana auna nisan ganuwa. Har gada ma, shi yana ƙetare kogi da igiya na farko."

"To sai a ba ka kwangilar gadar Kaduna, Baba."

Wata rana 'yata ta suma da zazzaɓi ina shago, ga shi lokacin babu wayar hannu. Baba ya ɗaura jan ƙyalle ya saki jirginsa. Na hango shi daga Makera, na san ba lafiya ba, na bar keke na ruga. Daga ranar muka yi ƙa'ida: jan bindi, taho gida yanzu; farin bindi, lafiya lau, yi zamanka.

Jirgin ƙarshe da muka yi, buhunan sukari na waje na samo masa, masu koren rubutun Larabci ɓaro-ɓaro. Muna ɗaurawa a ƙofar gida, samarin unguwa na kallo, sai wani mai facin taya da muke shan shayi tare ya ce, "Tela, wetin dem write? Karanta mana mana."

Na gyara murya na ce, "An rubuta, duk Bahaushen da ya ga wannan, ya taho."

Aka yi ta dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Da suka tafi Baba ya tambaye ni, na gaya masa gaskiya: farin sukari kawai aka rubuta.

Bayan 'yan makonni gari ya kama da wuta a kan maganar shari'a. Da hantsi hayaƙi ya tashi ta ko'ina. A gaban shagona aka fizgo wani daga kan acaɓa, aka ce ya yi kalmar shahada, ya kasa. Gora ta fara sauka a ƙeyarsa, sannan adda. Cikin masu saran har da wanda na ɗinka wa kayan angwanci. Na ga kan mutum ya dare, na ga takalminsa ɗaya a tsakiyar titi, kuma ban ce uffan ba, ni mai baki. Na san abin da ake yi a nan, shi ake yi wa namu a Nasarawa. Matata da 'yata suna can.

Na soke almakashi a ƙugu zan tafi. Alhajin da ke sayar da yadi kusa da ni ya riƙe mini riga ya ce da wannan gemun ba zan ƙetare titi ba. Na fizge. Kafin in kama hanya dai na hau rufin shago in duba inda wuta ta fi ci.

Can na ga jirgin Baba, sama da hayaƙin, yana lilo. Bindinsa fari.

Na zauna a kan kwano mai zafi na yi kuka kamar yaro. Tun azahar nake kallonsa, idan zuciya ta ce tashi, sai in dubi bindin in koma in zauna. Wajen la'asar ya yi wata girgiza, ya saki jiki, iska ta ja shi wajen kogi. Na yi tsaki na ce tsohon nan har yau bai iya ƙulli ba.

Kwana uku kafin in sami iyalina a barikin da aka tara mutane. 'Yata na barci a cinyar uwarta, leɓenta a fashe. Matata ta ba ni labari ba tare da ta dube ni ba.

Baba ya kulle ɗakinmu da kwaɗo ta waje, ya tura su ƙarƙashin gadonsa, ya jibga buhuna da gwangwala a gaba. Sannan ya ce mata, "Mijinki ba shi da hankali, zai taho, za su kashe shi." Ya nemi farin ƙyalle ya rasa, ya yaga farar rigarsa ta coci ya yi bindi da ita. Ya tsaya a bayan gida yana riƙe da igiya, don ya san ina kallo.

Ta taga ta ji zuwan samarin unguwa. Mai facin taya ne a gaba.

"Baba, na who you dey call? Su wa kake kira?"

"Sukari ne. Sukari aka rubuta, yarona."

"Ƙarya. Tela da bakinsa ya karanta mana."

Suka tambaye shi iyalina, ya ce mun gudu tun safe. Suka ce ya sauko da jirgin, ya ƙi. Ta ji ƙarar taɓarya a jikinsa, ta ji yana nishi yana maimaita sukari, sukari. 'Yata ta buɗe baki za ta kira shi, uwar ta cusa mata zani har leɓe ya fashe. Sai washegari sojoji suka fito da su, suka wuce ta gefen gawarsa.

Ban san me ya sa ba, na ce mata ai na ga lokacin da igiyar ta tsinke.

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni.

"Ba ta tsinke ba, Malam. Ya naɗe ta a hannu, ya ƙi saki. Hannun suka sare."